Jariri Ba Shi da Takardar Albashi

Sana'ata raino. A cikin gidana nake yin ta, a wata unguwa ta birnin Manchesta, da rajista da inshora da takardar shaidar koyon taimakon gaggawa maƙale a bango. Doka ta yarda in riƙe yara shida 'yan ƙasa da shekara takwas a lokaci guda, amma uku kaɗai daga cikinsu za su zama waɗanda ba su isa makaranta ba, a cikin ukun kuma ɗaya tak ne jariri ɗan ƙasa da shekara guda. In ina da ɗan cikina mai waɗannan shekaru, da shi ake lissafi, ya cinye gurbi ɗaya ke nan. Amma gwamnatin da take biyana kuɗin rainon 'ya'yan mutane ba za ta ba ni ko sisi a kan nawa ba, haka jikana, haka ɗan ƙanwata. Tabarma ɗaya, kunu ɗaya, wankin kashi iri ɗaya. Na ɗan wata sunansa aiki, na ɗana ba shi da suna.

Da autata ta cika shekara uku, sai ya zama da safe in kai ta gidan wata mai raino a layin bayanmu, gwamnati ta biya ta, ni kuma in dawo da sauri in buɗe ƙofa in karɓi 'ya'yan wasu, gwamnati ta biya ni. Ba wanda ya saɓa doka, ba wanda ya ci haram. Abin dai ya ɗaure mini kai, kuma tun daga lokacin nake juya tambaya guda: kuɗin nan da ake fitarwa daga baitulmali da sunan yara, na wane ne? Haƙƙin yaro ne don an haife shi, ko ladan uwa ne don ta fita nema?

Ga yadda tsarin yake a Ingila, don wanda bai sani ba. Duk yaro ɗan shekara uku da huɗu yana da awa 15 a mako kyauta a gidan raino ko makarantar nazare, mako 38 a shekara, awa 570 ke nan. A wannan ba a tambayar uwa ko uba komai. A watan Satumba na 2017 aka ɗora wasu awa 15 a kai, suka zama 30, amma da sharaɗi: sai in iyaye suna aiki. In su biyu ne a gida, kowannensu sai yana samun aƙalla ladan awa 16 a mako a kan mafi ƙarancin albashi, wanda a 2025 ya kama fam 195, kuma kada ɗayansu ya haura fam 100,000 a shekara. A kasafin kuɗi na watan Maris 2023, ministan kuɗi na lokacin, Jeremy Hunt, ya sanar da sauko da tsarin kan ƙananan yara. Aka bi shi daki-daki, har a Satumba 2025 awa 30 ɗin ta iso kan jariri ɗan wata tara. Sharaɗin yana nan daram. Iyaye su shiga intanet su cike bayanai, a ba su lamba mai alƙaluma 11, su kawo mini, ni kuma in miƙa wa ƙaramar hukuma. Duk wata uku sai sun koma sun tabbatar har yanzu suna kan aiki. Shi ya sa gaisuwar safe a ƙofata takan ƙare da "Anti, na sabunta lamba", ko kuma, da murya ƙasa-ƙasa, "Anti, lambarmu ta mutu".

A yi lissafi. Miji da mata da kowannensu ke ɗaukar fam 99,000 a shekara sun cancanta, gidan da ke shigar da kusan fam 200,000. Direban bas da matarsa ke gida da yara uku bai cancanta ba. Cibiyar Sutton Trust ta duba wannan a 2021, ta tarar kusan kashi 70 cikin 100 na iyalan da suka cancanci awa 30 suna cikin rabin al'umma da ya fi samu. Ban manta da awa 15 da ake ba 'yan shekara biyu na gidajen marasa ƙarfi tun 2013 ba, amma rabin abin da ɗan masu aiki ke samu ce. Yaron da ya fi buƙatar ya ji Turanci, ya taɓa littafi, ya ci abinci mai kyau kafin ya shiga firamare, shi ne mai ƙaramin kaso.

Gwamnati ba ta ɓoye nufinta ba, a nan kam na yaba mata. Ba ta ce don tarbiyyar jarirai ta ware ƙarin fiye da fam biliyan 4 a shekara ba. Ma'aikata take nema. Ofishin da ke yi wa kasafin ƙasar hasashe ya ƙiyasta a lokacin cewa tsarin zai fito da iyaye kimanin 60,000 su kama aiki. Kuma ba yau farau ba. A yaƙin duniya na biyu, da maza suka tafi fagen daga aka buƙaci mata a masana'antun makamai, gidajen raino na gwamnati sama da dubu suka tsiro a Birtaniya cikin 'yan shekaru. Ana gama yaƙi aka rage kuɗin, suka yi ta rufewa. Amurka ma ta yi irin nata, ta janye kuɗinta a 1946. Yaran 1947 ba su gaza na 1943 buƙata ba. Hannun uwayensu ne aka daina nema.

Bari in ba masu sharaɗi haƙƙinsu, domin hujjarsu ba ta banza ba ce, kuma addininmu yana da abin cewa a gefensu. Kuɗin baitulmali gumin mutane ne. Ina da wata uwa da ke miƙo mini ɗanta da sassafe idonta jajir, ta kwana tana juya tsofaffi a gidan da ake kula da su, za ta je ta ɗan runtsa kafin dare ya sake yi. Harajin da ake cirewa daga albashinta, da shi ake biyana. In ta ce ba ta ga dalilin da za a ɗebi guminta a biya wa mai zaman gida da ƙoshin lafiya kuɗin raino ba, me zan ce mata? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mun taso muna jin cewa zakka ba ta halatta ga mawadaci ko ƙaƙƙarfan da zai iya nema. Mun san labarin mutumin Madina da ya zo roƙo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka sayar da ɗan abin da ya mallaka dirhami biyu, ɗaya na abinci, ɗaya na gatari, aka tura shi yin itace. Taimako ne mai sharaɗi, kuma ya fi sadaka kare mutunci. Kiristoci suna da makamancinsa a wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga mutanen Tasalonika, inda aka hana mai ƙin aiki da gangan cin gumin wasu. Hatta Tarayyar Sobiyet, da ba ruwanta da Allah, ta ɗauki maganar ta sa a tsarin mulkinta na 1936. Ƙin cima-zaune abu ne da duniya ta daɗe da haɗuwa a kansa.

Ban ja da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Sai dai dukkansu a kan baligi mai ƙarfi suke magana. An ba mutumin Madina gatari ne don yana da hannun sara. Wanda nake karɓa a ƙofata a nannaɗe cikin bargo ba shi da hannun sara, ba shi da takardar albashi, bai zaɓi uban da aka sallama daga aiki ba, bai zaɓi uwar da ba ta jin Turanci ba. In an rataya sharaɗi a kan gurbinsa, an rataya shi ne a wuyan wanda ba zai iya cikawa ba, kuma in an saɓa shi ne zai ɗanɗana. Shari'a ba ta kama ɗa da laifin uba, balle rashin aiki da ba ma laifi ba ne.

Ingila da kanta ta san haka, sai dai ta yanka wa saninta shekaru. Ranar da yaro ya shiga firamare, ba a ƙara tambayar ubansa ko yana aiki. Ɗan likita da ɗan mai zaman kashe wando aji ɗaya, awanni ɗaya, ba wanda ya taɓa cewa a sallami na biyun da azahar tunda akwai mai riƙe shi a gida. In zazzaɓi ya kama shi aka kai shi asibiti, ba a neman lamba mai alƙaluma 11. An yarda karatu da magani nasa ne, ba na iyayensa ba. To me ya sa shekarun da harshe ke buɗewa, ƙafa ke ƙwari, hali ke zama, su ne aka mayar ladan iyaye? Ban taɓa jin amsar da ta gamsar da ni ba, in ban da cewa kuɗi ba su isa ba. Wannan kuwa dalili ne na rage kason kowa, ba na zaɓen wanda za a hana ba.

Akwai labarin da nake ganin ya fi kowanne dacewa da wannan magana, yana cikin Ɗabaƙat na Ibn Sa'ad. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, shi ya kafa rajistar da ake raba wa Musulmi kaso daga baitulmali, kuma da farko ba a rubuta yaro sai an yaye shi. Ƙa'idar tana da hankali a cikinta: mai shan nono ba ya cin hatsi, me zai yi da kaso? Wata rana ayarin fatake ya sauka a Madina, Umar da Abdurrahman ɗan Aufu suka kwana suna gadinsu. Cikin dare ya ji kukan jariri, ya je ya ja hankalin uwar ta kula da ɗanta. Kukan ya sake tashi, ya sake komawa. Gab da asuba ya koma ya tsananta mata, ita kuwa ba ta san da wa take magana ba, ta nuna masa ya dame ta. Yaye take son yi wa yaron yana ƙi, domin Umar ba ya yanka kaso sai ga wanda aka yaye. Yaron 'yan watanni ne da haihuwa. An ce da ya ja sallar asuba mutane ba su iya tantance karatunsa ba saboda kuka. Yana sallamewa ya sa aka yi shela kada a gaggauta yaye, kowane jariri yana da kasonsa tun daga haihuwa, ya kuma aika da takardu larduna.

Masu wa'azi sun fi tsayawa a kan kukan Umar. Ni matar nake kallo. Ba muguwa ba ce, ba kuma jahila ba. Ta fahimci ƙa'ida, ta yi lissafin gidanta, ta bi inda kuɗi yake, kamar yadda kowace uwa talaka za ta yi. Umar yana da damar ya ce kwaɗayinta ne, ya yi mata nasiha ya wuce, ya bar ƙa'idarsa yadda take. Bai yi haka ba. Ya ɗauki alhakin ya aza a kan abin da shi ya kafa da hannunsa. A wurina wannan shi ne fiƙihun mulki. Sharaɗin da aka gindaya wa talaka ba tace mutane kawai yake yi ba, kora su yake yi zuwa wani wuri, kuma wanda ya gindaya shi za a tambaye shi inda ya kora su, ko ya nufa ko bai nufa ba.

To ina sharaɗin Ingila yake kora uwaye? Kuɗin hutun haihuwa da doka ta wajabta yana ƙarewa a mako na 39. Awa 30 tana farawa daga wata tara. Da gangan aka haɗa bakinsu, inda wancan ya tsaya nan wannan ya ɗauka, kuma ba ya ɗaukar kowa sai mai komawa aiki. Ina karɓar jarirai 'yan wata tara da goma, da kwalaben nonon da aka tatsa da asuba a cikin 'yar jakar ƙanƙara. Kafin wata ya zagayo sai nonon ya ja baya, a koma madarar gwangwani. Wasu uwayen da son ransu suke komawa, likitoci ne, malamai ne, zaman gida ƙunci ne a gare su, kuma ba ni da ta cewa a kansu. Da su nake cin abinci. Amma akwai wadda ta tsaya a ƙofata ta kasa sakin yaron, ta ce, "Anti, wallahi da za a ba ni ko rabin abin da ake biya a kansa, da na zauna da shi har ya shekara biyu." A babban kanti take aiki, jera kaya. A 2025 matsakaicin abin da gwamnati ke warewa a kan awa ɗaya ta yaro ɗan ƙasa da shekara biyu ya haura fam 11, mafi ƙarancin albashi kuwa fam 12.21 ne a awa. Kusan abin da take samu a kanti shi ake kashewa don wata ta riƙe mata ɗa. Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu ga mai son cika shayarwa, bai wajabta ba, amma bai kamata baitulmali ya zama shi ke sa a gajarta ba.

Sai kuma ranar da lamba ta mutu. Akwai ɗan wa'adin sassauci, amma yana ƙarewa. Yaro ɗan shekara ɗaya da rabi ya saba da gidana, ya san ƙugiyar da ake rataye rigarsa, ya fara kiran sunan abokinsa da gwarancinsa, sai a rage wa ubansa awannin aiki a sito, a ce daga zango mai zuwa babu. Lokacin da gida ya rikice, uba ya rasa inda zai sa kansa, uwa na lissafin haya, lokacin ne yaro ya fi buƙatar wuri guda da bai canja ba, kuma lokacin ne ake karɓe masa shi. Uban kuma da yaro a kafaɗa zai shiga neman wani aikin.

A ƙarƙashin duk wannan akwai tambayar mene ne aiki. Masanin tattalin arzikin nan na Ingila, Arthur Pigou, ya lura tun 1920 cewa in mutum ya auri mai yi masa aikin gida, arzikin ƙasa sai ya ragu a lissafi, alhali shara da girki ba su ragu ba. A 2009 abin ya fito fili har ya zama abin dariya. Wasu 'yan sanda mata biyu a kudancin Ingila, ƙawaye, suna karɓa-karɓa wajen riƙe 'ya'yan juna, hukumar Ofsted mai sa ido a kan masu raino ta ce sai sun yi rajista, domin kowace tana samun lada daga ɗayar ko da ba kuɗi ba ne. Sai da jama'a suka yi ca sannan gwamnati ta gyara ƙa'idar. Haka kuma uwar da ta koma makaranta tana koyon aikin jinya, karatunta ba ya shiga lissafi, sai in ta haɗa da wani aikin albashi a gefe.

Malamanmu na fiƙihu ba su taɓa shakkar cewa shayarwa wahala ce mai ƙima ba. A Suratuɗ Ɗalaƙ an umarci wanda ya saki matarsa ya biya ta ladan shayar da ɗansa, ɗan da ita ta haifa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda na karanta gaban mahaifina a Zariya, ta kawo wannan hukunci. Masu tafsiri kuma sun ce mahaifiyar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, gidan Fir'auna ne ya riƙa biyanta tana shayar da ɗan cikinta. Na san ba ɗaya ba ne da maganarmu. A hukuncin saki uba ake bi, ba baitulmali ba, kuma matar da ke ɗakinta ciyar da ita ake yi, ba a biyanta ladan nono. Amma tushen ya tabbata: don ɗa naki ne, wahalarsa ba ta zama iska ba. Shi ya sa raina ke sosuwa in na ga takardar hukuma ta sa uwar yara uku a sahun waɗanda ba sa aiki. Har zuwa 2008, uwar da ke riƙe da 'ya'ya ita kaɗai a Birtaniya ba a matsa mata neman aiki sai autanta ya kai shekara 16. Aka sauko 12, aka sauko 10, sai 7, sai 5, a 2017 aka kai 3. Shekara 16 ta yi yawa, na yarda, amma saurin gangarowar ya nuna inda aka dosa. Amurka ta riga su isa. Jihar Ilinoi ta fara biyan uwaye marasa ƙarfi a 1911 don su zauna su riƙe 'ya'yansu. A 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta ɗaure tallafi da aiki, ta kuma ƙayyade shi shekara biyar a tsawon rai. Cikin shekara 85, zaman da ake biyan uwa ta yi ya koma zaman da ake yanke mata tallafi in ta yi.

Abin da ya ƙara tabbatar mini cewa ba don girmama gumi aka gina sharaɗin ba, shi ne halin 'yan uwanmu da suka zo da bizar aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya, daga Najeriya da Gana da Zimbabuwe da Indiya. Cikakken aiki suke yi har da ƙarin lokaci, ana cire musu haraji tun kafin albashi ya shigo hannu. Amma an rubuta a takardar zamansu cewa ba su da hurumin cin kuɗin gwamnati, don haka ba sa iya neman awa 30. Sun cika sharaɗin aiki har ya zube, ba su samu ba. Na san yadda suke yi: miji ya yi dare, mata ta yi rana, su haɗu a bakin ƙofa su miƙa wa juna yaro, ko kuma a tura shi gida wurin kaka a riƙa ganinsa ta waya. Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Kharaj cewa Umar ɗin nan ya ga wani tsoho Bayahude yana bara don ya biya jiziya, ya sa aka ɗauke masa ita aka kuma yanka masa kaso daga baitulmali, domin bai ga adalci ba a ci moriyar mutum yana da ƙarfi a yar da shi da ya gaza. Wanda kake karɓar harajinsa, ɗansa ba baƙo ba ne.

Kada a ɗauka cewa nake yi kowane jariri a kawo shi gidan raino awa 30. Ni da ke cikin sana'ar ba zan faɗi haka ba. Lardin Kibek na Kanada ya buɗe raino mai arha ga kowa a 1997, dala 5 a rana. Uwaye da yawa suka kama aiki, amma binciken da wasu masana uku suka wallafa a 2008 ya nuna ƙaruwar damuwa da rigima a tsakanin ƙananan yaran. Gidan raino bai fi uwa mai natsuwa ba. Ya dai fi uwar da ta gaji ita kaɗai a ɗaki can saman bene, ba kaka, ba gwaggo, ba maƙwabciyar da za ta ce miƙo shi ki je ki watsa ruwa. Kuma kada mu cika yabon gida. Gaskiya ne a Zariya ko Damagaram ɗa na kowa ne, in an tashi yaye a kai shi wurin kaka, kishiya ma takan goya. Amma a gidajen ma'aikata da yawa na birni, rainon da muke ganin na kyauta ne, wata yarinya ce 'yar shekara goma da aka ɗauko daga ƙauye take biyansa da karatunta. Can ma akwai mai biya, bakin magana ne dai ba ta da shi.

Wasu ƙasashen sun amsa tambayata ta ɗaya fuskar. Sikotilan, da ke nan arewa da mu ƙarƙashin sarki ɗaya, tun Agusta 2021 take ba kowane ɗan shekara uku da huɗu awa 1,140 a shekara, ninki biyu na abin da Ingila ke ba kowa, ba tare da tambayar aikin iyaye ba. Jamus ta mayar da gurbin raino haƙƙin kowane yaro daga shekara ɗaya tun 2013. Finlan ta gwada sharaɗi a 2016, ta rage haƙƙin 'ya'yan marasa aiki da masu zaman gida zuwa awa 20 a mako, a 2020 ta janye ta mayar wa kowa cikakken haƙƙinsa. Ita Finlan ɗin tun 1985 take biyan wanda ya zaɓi ya riƙe ɗansa ɗan ƙasa da shekara uku a gida. Wannan ma yana da aibinsa, ba zan ɓoye ba. Yakan daɗar da mata a ɗaki, musamman baƙi, su shekara da shekaru ba su koyi harshen ƙasa ba, in aure ya mutu su tashi ba sana'a. Na ga irin haka a matanmu na nan ko ba tallafi. Amma aibin da ya faɗa kan baligar da ta zaɓa da kanta ya fi mini sauƙi a kan wanda ya faɗa kan jariri.

Ni dai ga inda na tsaya. Kaso na farko, mai tsoka, ya zama na yaro, da sunansa, tun daga haihuwa, ba ruwansa da takardar albashin uba ko bizar uwa. Iyaye su zaɓa, ko su kawo mini shi ko su riƙe abinsu. In bayan wannan gwamnati tana son ta ƙara wa masu fita aiki awanni don su cika wuninsu, ta ƙara, ta gindaya sharaɗin da ta ga dama, wannan ciniki ne tsakanin manya. Na san hakan zai rage mini ciniki, wasu uwayen za su karɓi kuɗin su zauna. Su zauna.

Kafin Allah ya kawo wannan, ga magana ga 'yan uwana mata da ke Ingila. Awa 15 ɗin 'yan shekara uku da huɗu ba ta cikin kuɗin da bizarki ta hana ki. Na sha haɗuwa da masu tsoron nema, wai kada a ɓata musu takardar zama. Ba ta ɓata komai. Tana farawa ne a zangon da ya biyo bayan cikar yaro shekara uku, wato daga 1 ga Janairu, 1 ga Afrilu ko 1 ga Satumba, kuma ba a neman lamba. Ki ɗauki takardar haihuwarsa ki je makarantar nazare mafi kusa da ke tun gurabe ba su cika ba.